Jan Ɗigo a Gindin Kofina

Zuwa ga sanyin idona, inuwar kukata, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, mijina mai fenti.

"Kofin da kika sha da shi, da shi zan sha har ranar da za a rufe ni." Kai ka faɗa, ba ni ba. Shekara bakwai ke nan, a kan bencin ƙofar shagonka, safiyar da na gaya maka ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau don kada ka aure ni a makance. Na haɗiye maganina a gabanka na ajiye kofin. Ka ɗauka da hannunka duk fenti, ka shanye ragowar ruwan, ka yi wannan magana. Na karanta littattafan soyayya da yawa, aikina ke nan a ɗakin karatu, amma ban taɓa cin karo da jimlar da ta kai taka ba. Kan kofin nan na aure ka.

Jiya ina wanke-wanke na kifa kofina, sai ga jan ɗigo a gindinsa. Na duba farantina, akwai. Cokalina ma bai tsira ba. Kai, amma ɗigon ya yi kyau! Zagayayye kamar wata ɗan sha huɗu, babu tsiyaya ko kaɗan, kuma da fentin mai wanda sabulu ba ya fitarwa. Na san hannun. Kai ba ka aikin ha'inci, ko da aikin na wulaƙanta matarka ne.

Na san kuma wa ta ba da kwangilar. Tun da Yayarka ta buɗe jakata wai tana neman man shafawa, ta ga katin asibiti, ta koma zama a bakin kujera kamar kujerar za ta cije ta. In na miƙa mata ruwa sai ta tuna ba ta jin ƙishi. In na ɗauki autarta sai ta tuna yarinyar tana mura. Ita ta ce a ware kwanukana don ta san wanda za ta kauce wa. Ita ban ga laifinta sosai ba, jahilci ne, kuma ta riƙe shi da gaskiya. To kai fa, tauraron asubata?

Wa ya rubuta allon da ke ƙofar asibitin da nake karɓar magani? "Cin abinci tare ba ya yaɗa ƙanjamau." Kwana biyu ka yi a kansa, ni na riƙe maka tsani. Wa ke zaune kusa da ni ranar da likita ta ce maganin ya danne ƙwayar har gwaji ba ya ganinta? Wa aka gwada sau bakwai, sau bakwai ana ce masa lafiyarsa ƙalau? Ashe buroshinka ne ya fahimci allon, kai hannu kawai ka ara masa.

Wulaƙancin waje ba ya karya ni. Akwai abokiyar aikina da ke goge biro da gefen mayafi in na mayar mata. Akwai layin asibiti inda kowa ke kallon takalminsa kada ya haɗa ido da maƙwabci. Duk ina shanyewa, saboda ina da gidan da zan koma in sha ruwa kamar kowa. Gidan nan ka ɗiga wa fenti.

Abin haushin, ina son ka. Ina son warin kananzir ɗin da kake wanke buroshi da shi, wanda ba ya barin rigarka. Ina son yadda kake lanƙwasa harshe in kana jan layi. In na ji ƙarar babur ɗinka a lungu, zuciyata tana tashi kamar tsuntsuwar da aka buɗe wa keji, ni da furfurata! Ko jiya ta tashi, ina riƙe da kofin. Na ji kunyarta.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Asabar Yaya za ta zo da hantsi kamar kullum. Zan zuba ruwa a kofi mai ɗigo in ajiye a gabanka. Kada ka kankare ɗigon, ina so ta gan shi lokacin da ka ɗaga kofin. Ba na son jawabi, ba na son ka yi faɗa da 'yar'uwarka. Ka sha kawai. In ka sha, maganar ta mutu, ba za ka ƙara jin ta a bakina ba.

In la'asar ta yi ruwan yana nan, zan ɗauki littattafaina da maganina in koma wurin ƙanwata, Litinin kuma in tafi aiki daga can. Haɗa kayan kicin ba zai ba ni wahala ba. Ka riga ka yi wa nawa alama.

Wadda ba ta taɓa son wani kamar kai ba, kuma ba ta da niyyar farawa,
Matarka, mai kofin.