Wa Ya Sa Citta a Shayina?

Zuwa ga Minnatullah, sanyin idona, furen Ɗa'if, inuwata a zafin Makka,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tambaya ce ta hana ni karatu tun ranar Alhamis, kuma amsarta tana hannunki.

Yayanki Hatim ne ya ja ni cikin zagayen nan da yake yi da baƙi bayan la'asar, lungu-lungu a Misfala, ana ci ana jin tarihi. Bakin Hatim ba ya gajiya. Ya tsayar da mu gaban tanderun mai tamis, ya ce Buharawa ne suka zo da gurasar nan tare da samawar, tukunyar shayi mai famfo. Ya nuna wani dogon otal, ya ce a nan gidan kakarku yake kafin rusau. A wurin mai siriya kuwa dariya na yi, ashe tsiren garinmu ne ya zo Hajji ya ƙi komawa.

Muka ƙare a gidanku. Tire ya fito daga bayan labule: ƙananan kofunan gilas, shayi ja jawur, na'ana'a na yawo a kai. Hatim ya gama shaida wa baƙi cewa a gidanku buta ɗaya ake dafa wa kowa, ba a ware mutum. Sannan ya ɗauko wani kofi daga gefe ya miƙo mini. Ina kurɓa na ji citta da kanumfari, yaji har kunne, irin wanda mahaifiyata take dafawa a Zariya. Na leƙa kofin maƙwabcina, na'ana'a ce zalla.

Ya hasken raina, wa ya koya miki? Ke da ba ki taɓa taka Najeriya ba, Hausarki tana tuntuɓe kina tallabe ta da Larabci? Me ya sa kika ɗora buta ta biyu? Tuna mini kika yi cewa ni baƙo ne, in tattara in koma gida? Ko kuwa ɗanɗanon garinmu kike gwadawa, ki ji ko za ki iya da shi?

Bayan Hajjin bana karatuna zai ƙare, iƙamata, takardar izinin zamana a nan, ta bi shi. Malam Dauda, malamina, ya yarda zai je wurin Abbanki, amma ya ce ba zai sa babbar riga ba sai na tabbatar kin amince. Ina sonki, Minna, kuma na san girman abin da nake roƙo ki bari. A garinmu gona ake sayarwa don a yi 'yan kwanaki a unguwar da kike shanya wankinki. Ni kuwa ɗaki biyu gare ni a Tudun Wada, da rijiya, da bishiyar mangwaro.

Ki aiko da amsa ta bakin Hatim, amma ki fara shawara da kakarku. Ita ta san nauyin barin gida, da ƙafa ta baro nata ta zo Makka.

Naki har ƙarshen numfashi, a Makka ko a Zariya,
Nu'uman