Tsohuwar Fijo a Hanyar Sandamu

Zuwa ga Amatullah,

Sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ke da duk wanda ke kwana a gidanku, har da waɗanda suka daina amsa sallamata. Ban sani ba ko har yanzu ina da izinin kiran ki da waɗannan sunaye. Na dai rubuta su ne don hannuna bai iya wasu ba.

Yau kwana goma sha tara rabon da ki ɗauki wayata. Jiya yayarki, Yaya Shatu, ta zo har makarantar da nake koyarwa, ta miƙo mini ƙullin hankici ta ce in ji ki. Tun kafin in kwance na gane abin da ke ciki, domin yatsuna sun san shi kamar yadda suka san alli: makullin motar ne, na biyun, wanda na ba ki na ce ki ajiye tunda motar tamu ce mu biyu. Sannan ta gaya mini, idonta a ƙasa, cewa Baba, mahaifinki, ya bar miki zaɓi, ke kuma kin ce bayan Sallah a ba wancan bawan Allah na Dutsi dama ya turo magabatansa. Ba wanda ya matsa miki. Wannan shi ya fi ci mini rai, Amatullah. Da wani ne ya raba mu, da na sami wanda zan tsana in ji sauƙi. To wa zan tsana? Ni ne dai, sai kuma ƙarfen da ke lulluɓe a bayan gidanmu.

Kin san tarihin Tsohuwa, ke ma kika raɗa mata sunan. Fijo 404 ce ta marigayi mahaifina, wadda a cikinta aka ɗauko Inna daga Sandamunku zuwa Daura tun ban zo duniya ba. Shekara goma sha bakwai ta yi a durƙushe a kan bulo, kaji suna ƙwai a kujerar baya, awaki suna hutawa a kan rufinta. Sau nawa 'yan gwangwan suka zo suna neman a sayar musu su sassare ta? Na kore su. Shekara huɗu na yi ina kankare tsatsa da hannuna, Asabar da Lahadi da kowane hutun makaranta. Fitilar baya guda ɗaya tak na bi har Mashi, daga can na tsallaka Nijar, don an ce akwai gawar irinta a wani gareji. Oga Izunna mai shagon kayan gyara ya sha yi mini tsiya, wai Malam Munzali ba ya sayen ƙarfe sai ya tabbatar ƙarfen ya girme shi. Bai yi ƙarya ba. Duk abin da ba na asali ba ne, ba na bari ya taɓa jikinta.

A cikin shekaru huɗun nan, uku naki ne, kuma a jira suka ƙare. Ke kika zaɓi fentin, ruwan madara, kika ce shi ya dace da tsohuwa mai mutunci. Ke kika ɗinka rigunan kujerun da kekenki, kika warware har sau biyu don na ce ɗinkin bai bi layin na da ba. Wace mace ce za ta yi haka ba ta jefe ni da almakashi ba? Sau biyu Baba yana aikowa a tambaye ni ko da gaske nake, ni kuma ina cewa a ƙara haƙuri, saura birki, saura kafireta. Na ƙudura a raina cewa motar da ta kawo uwata ita za ta kai magabatana ƙofar gidanku, kuma ita za ta ɗauko ki. Wallahi a zatona girmama ki nake yi.

Kin tuna yammacin da ta fara taka kwalta kina ciki? An yi ruwa da hantsi, gari ya yi luf, gero ya yi kore shar a dama da hagu. Yaya Shatu tana baya ta ƙanƙame kujera tana salati, wai mun sa ta a tsohon akwati mai taya. Ke kina gefena, iska tana wasa da gyalenki, kina dariya irin wadda ban taɓa ji daga gare ki ba, mai fitowa daga ciki ba tare da kin rufe baki ba. Tsofaffi suna miƙewa daga kan benci suna ɗaga mana hannu. Wani dattijo ya tsayar da mu don kawai ya shafa zakin da ke goshinta, ya ce a irinta ya koyi tuƙi. Injin yana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Da za a ce in zaɓi sa'a ɗaya daga rayuwata in zauna a cikinta har in mutu, wannan zan zaɓa, ba na ko tunani!

A nan ne kika sa yatsa kika ƙwanƙwasa gilashin gejin mai.

"Munzali, wannan allurar fa tun da muka fito tana tsakiya, ba ta motsa ba."

Na yi dariya, na ce ai motocin da ba su da haɗamar mai irin na yanzu. Kika ce to. Alhali Oga Izunna ya riga ya nuna mini sabon geji, na ture shi na ce ba na asali ba ne.

Sauran kin san rabinsa, rabin da aka gani daga tsakar gidanku. Bari in gaya miki wanda aka gani daga bakin titi, ba don in wanke kaina ba, sai don ki san girman wautar da kika so shekara uku.

An sa Asabar bayan Azahar. Baffa Kalilu, ƙanin mahaifina, da Kawu Jafaru, wan Inna, su ne za su je neman aurenki. Kowa ya san saurayi ba ya zuwa neman aurensa. Ni direba ne kawai, in sauke su in koma gefe in jira, don ba na ba kowa sitiyarinta. Kwana uku kafin ranar ina ta kunna ta ina sauraron injin, ina zagaya gari da ita don kada ta ba ni kunya. Duk lokacin da na duba allura, tana nan tsakiya, sai in ce alhamdulillahi. Muka sa goro da alawa a but, Baffa ya zauna a gaba, muka kama hanyar da ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Mun wuce rabi ke nan ta yi tari sau biyu ta mutu, daidai gindin wani gawo. Kin kuwa san gawo da damina, ko ganye ɗaya ba shi da shi.

Na tuɓe babbar rigata na shimfiɗa a ƙasa, na buɗe bonet. Na kwance fulogi na goge, na mayar. Na sauke kafireta na baje ta a kan rigar, ɗaya bayan ɗaya, ina hurawa da baki. Wani mai motar haya ya tsaya ya ce akwai wurin mutum biyu. Na ce masa mun gode, minti biyar ne. Kika kira, na ce miki minti biyar. Muka yi La'asar a gefen gona. Wani ɗan unguwarku ya zo wucewa da a-kori-kura, ya gane Baffa, ya ce su shigo gaba ya kai su har ƙofa. Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni.

"Ɗana, mu ake jira, ba motar ba."

Da na yi shiru a nan, da yanzu ana maganar sa rana. Amma sai na riƙe hannunsa, hannuna duk baƙin mai, na tuna masa cewa shi ne ya zauna a kujerar nan ranar da aka ɗauko Inna, na ce ya yi wa ɗan'uwansa da ke kabari wannan alfarmar. Na ga idon dattijon ya kawo ruwa. Ya koma ya zauna a kan dutse, a cikin rana, mai a-kori-kura ya tafi. Na yi amfani da mamaci na ɗaure mai rai, Amatullah. Wannan ma sai na amsa tambayarsa a gaban Allah.

Sau biyar kika kira. A na ƙarshe numfashinki kawai nake ji, da muryar wata mata a bayanki tana tambaya ko a mayar da miya kan wuta. Daga baya ne Yaya Shatu ta gaya mini baffanninki uku sun baro gonakinsu tun safe, an yanka kaji, an toya waina, an shimfiɗa sababbin tabarmi a zaure. Ta ce Baba ya leƙa waje har ya gaji, ya daina.

Rana ta kusa faɗuwa wani tsohon manomi ya taso daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon kayan da na baje. Ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa tanki da ƙotar fartanyarsa, ya kasa kunne. Sannan ya karyo tsinke ya zura, ya zaro shi a bushe ƙayau.

"Malam, ai jakin naka ba ciwo ne da shi ba, yunwa yake ji."

Babu mai! Awa huɗu ina fiɗar inji mai lafiya, allura kuwa tana nan tsakiya tana kallona. Kawu Jafaru ya kau da kai. Kafin a samo galan, in harhaɗa abin da na wargaza, an yi Magariba. Da muka iso an naɗe tabarmi, baffanninki sun tafi. Baba ya fito ya gaisa da su Baffa cikin mutunci, ya ce Allah Ya huta gajiya, ya ce zai ji ta bakin 'yarsa. Goron dai bai karɓa ba. Kawu ya tari ɗan acaɓa ya koma Daura, ya ce ƙafarsa ba ta ƙara shiga motar nan.

Tun ranar nake tunanin allurar nan, ya hasken gidan da ban samu shiga ba. Haka na yi da ke. Na dubi fuskarki sau ɗaya, shekara uku da suka wuce, na ga haƙuri, shi ke nan ban ƙara dubawa ba. Kullum kina cewa to, ni kuma ina cewa akwai saura. Ni da nake jin canjin numfashin inji daga cikin ɗaki, yaya aka yi ban ji lokacin da muryarki ta canza ba? Ke kika ga allura ta tsaya tun ranar farko. Kin faɗa, na yi dariya.

Washegari na je shagon Oga Izunna na sayi sabon gejin. Bai yi mini tsiya ba, ya naɗe ya miƙo mini yana girgiza kai, wannan kuwa ya fi tsiyar ciwo. Na ɗaura shi, yana aiki sumul. Na cika tanki har baki, na ja tamfol na rufe ta. Abokaina masu tsofaffin motoci, da muke haɗuwa ranar Lahadi da yamma mu wanke mu goge mu zagaya gari, sun aiko sau biyu. Me zan je in yi? In zauna a kan ɗinkinki in duba gefena in ga kujera? Abinci ba ya shiga, a aji sai in tsaya da alli a hannu har yara su fara kallon juna. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, ita ba ta ma tuna launin motar da aka kawo ta a ciki ba, abin da ta tuna shi ne mahaifina bai sa iyayenta jira ba.

Ba na jin kina da sauran abin da za ki ba ni, kuma ban ga laifinki ba. Amma zan roƙa, don wanda ya rasa komai ba ya jin kunyar roƙo. Na je na durƙusa wa Baffa Kalilu, ya ce zai sake zuwa sau ɗaya, bisa sharaɗin a motar haya, kuma ni in zauna a gida. Na yarda. Na yarda a ɗauko ki a kowace irin mota, ko a amalanke, ko da ƙafa. In kin ce in kira 'yan gwangwan su sassare Tsohuwa a gabana, zan riƙe musu guduma. Kalma ɗaya kawai nake nema ki gaya wa Baba kafin Sallah: a sake shimfiɗa tabarma.

Ga makullin nan na mayar a cikin hankicinki, Yaya Shatu ta ce za ta kawo, amma ta ce wannan ne aike na ƙarshe. In ya kwana bakwai a wurinki, zan tura Baffa. In ya dawo, ba za ki ƙara jin motsina ba, zan yi miki addu'ar zaman lafiya a Dutsi, kuma da zuciya ɗaya zan yi, ko da zuciyar ta fashe. Abu ɗaya dai nake roƙon ki: ranar da za a kai ki, kada ki bari wani ya zo aron Tsohuwa don ta ƙawata jerin motocin amarya. Na san kaina. In aka ce don ke ne, zan wanke ta, in goge ta, in tuƙa ki da hannuna har ƙofar gidan wani, kuma wannan karon ba za ta mutu a hanya ba.

Kujerar gefena taki ce, ko kin zauna ko ba ki zauna ba. Ba wadda za ta hau ɗinkinki muddin ina numfashi.

Naki jiya da yau, har ranar da za a ɗauke ni a abin da ba ya buƙatar mai,

Munzali