Battar da Ta Huda Hancin Ɗana

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar masu kayan sauti da rumfunan biki na yankin Kankia da Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da damina, kai da iyalinka da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Allah ya kai mu kaka lafiya.

Ba zan ambaci sunanka ba, domin ka san da kai nake. Ni ne mahaifin Sagir, manomi daga Fakuwa, mai kiran salla a masallacin unguwarmu. Sau ukku ina takowa har shagonka kan maganar nan. Zuwan farko ka ce kana da baƙi. Zuwa na biyu ka saurare ni kana latsa waya, da na gama ka ce, "Haba Malam, shaƙe ne fa. Wane ne bai taɓa shaƙe ba a ƙasar nan?" Zuwa na ukku aka ce mani ka tafi Kusada kafa rumfa. Ni ba mutumin jarida ba ne, kuma wallahi ban so asirin gidana ya fita ba. Amma tunda magana a ɗaki ta ƙi, ga ta a fili. Sagir ya san na rubuta, shi ya ce in sa sunanshi.

Na ɗaya, amanar da na ba ka.

Shekara huɗu ke nan, bayan an kai amfanin gona gida, na kawo maka Sagir da kaina. Ya gama sakandare, gonarmu ba ta isar mu duka, shi kuma tun yana ƙarami ba ya ganin rediyo ya ƙyale ta. Ka dafa kafaɗarshi ka ce, "Ka bar mani shi, ɗana ne." Ba zan ci haƙƙinka ba: ka koya mashi aiki. Ya iya haɗa lasifika, ya iya tada janareta, har na'urar masallacinmu shi ke gyara ta. Idan muryata ta dushe, shi ke karɓar kiran salla, mutane su ce ɗan ladan ya fi ladan. Ina jin haka in yi dariya, raina fari tas. Wancan yaron na ba ka, Alhaji. Ka zo ka ga wanda ya dawo mani.

Na biyu, laifina, domin ba zan ɗora maka kaya in ɓoye nawa ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, bai rabuwa da ƙaramar batta a aljihu. Garin ganye ne da sassaƙe da yake saye wajen mai magani ranar kasuwa. Idan mura ta kama shi ko kanshi ya sara, sai ya ɗiba da yatsu biyu ya shaƙa, ya yi atishawa har hawaye su zubo, ya ce alhamdu lillahi. Haka na tashi na gani, haka kai ma ka gani a gidanku. Saboda haka ranar da uwar Sagir ta zo wanki ta tarar da batta a aljihun wandonshi, da farin gari a ciki, ko gezau ban yi ba. Na tambaye shi, ya ce shaƙe ne, ƙarar kiɗa ke sa mashi ciwon kai. Na yarda. Abin da ke cin raina har yau shi ne, da hannuna na miƙa mashi ita, har na ce ya kula kada ta sha ruwa. Uwarshi kuwa idan ta tsince ta a ƙasa, a kan taga take ajiye mashi don kada ta ɓace.

Abu ɗaya ya kamata ya farkar da ni, bai farkar da ni ba. Shaƙen iyayenmu don atishawa ake yin shi. Sagir bai taɓa atishawa ba. Idan ya shaƙa sai ya yi tsit, ya jingina da bango, ido buɗe, ka kira shi sau biyu sau ukku kamar ba shi a gidan. Muka ce gajiya ce.

Na ukku, yadda muka raɗa wa kowace cuta sunan da muka sani.

Haɓo ya fara zuwa, a bazarar bara. Muka ce zafin rana ne, aka riƙa kwara mashi ruwan randa a ka, ana jiƙa mashi tsamiya. Hancin ya toshe wata da watanni, muka ce mura ce mai naci, uwarshi ta dafa ganye ta yi mashi sirace. Sai fitsari ya biyo baya: yanzu ya shiga bayi, yanzu ya koma, yana cije leɓe, daga baya har da jini. To, wane ɗan Fakuwa ne ya yi wanka a kududdufi bai san tsargiya ba? Na je kemis na sayo maganin tsargiya, ya shanye, na sake sayo wani. Da mara da baya suka matsa mashi, na kira wanzami ya yi mashi ƙaho. Wata rana tuwo ya ƙone ƙurmus yana zaune dab da murhu, hayaƙi ya cika gida, shi bai ji komai ba. Uwarshi ta kawo daddawa ta kara mashi a hanci, ya girgiza kai. A nan ta fara kuka, ni kuwa na ce mata ta yi haƙuri, mura ce.

Ka duba fa, Alhaji. Shekara guda cur muna magani, kuma duk lokacin nan battar tana kan tagarmu.

Na huɗu, ranar da ido ya buɗe.

Da ma na jima ina jin wani siririn fito idan muna sahu, ban san daga inda yake fitowa ba. Ran nan da la'asar, a bazarar bana, na gama kiran salla, ni da Sagir muka tsuguna alwala da buta ɗaya. Sagir ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, sai ya saki ƙara ya dafe fuska. Da ya fyace, jini ne da wani baƙin ɓawo. Na kama haɓarshi na ɗaga wajen rana, na leƙa ta hancin dama, sai na hango haske yana shigowa ta na hagu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Shingen da Allah ya raba hanci biyu da shi ya huje, hujin da ƙwayar gyaɗa za ta wuce. Fiton da nake ji a sahu, numfashin ɗana ne. Ranar ban samu jam'i ba, ni da na kira mutane.

Washegari muka tafi asibiti a Katsina. Likitar, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce in ɗan ba su wuri. Bayan wani lokaci ta kira ni, Sagir ya sunkuyar da kai, ya ce ta faɗa mani. Ta ce garin nan ba ganye ba ne, ba sassaƙe ba ne. Sunanshi ketamin, maganin da ake gusar da hankalin mutum ko dabba da shi idan za a yi aiki a jiki, shi ne wasu marasa tsoron Allah ke sayar wa samari don holewa a wajen biki. Ta ce idan ana shaƙar shi yana cinye fatar cikin hanci a hankali har naman ya mutu, shi ya kawo haɓo da rashin jin ƙamshi da hujin nan. Daga nan ya bi jini ya sauka mafitsara, ya yi mata miki, ta tsuke ta kasa riƙe fitsari, idan aka ci gaba har ƙoda yana taɓawa. Na tambaye ta ko zai warke. Ba ta yi mani ƙarya ba. Ta ce hujin ba ya rufewa da kanshi. Mafitsara kuwa, idan ya daina kwatakwata tana iya sauƙi, amma ba za ta yi mani alkawarin za ta koma yadda take ba.

Na biyar, abin da ke faruwa a bayan lasifikunka.

A motar dawowa Sagir ya faɗa mani komai. Abokan wani ango da suka zo daga birni ne suka fara ba shi da abokan aikinshi, a ranar abokai, suka ce yana kashe gajiya, yana sa kiɗa ya shiga jiki. Daga baya wani babba a cikin ma'aikatanku ya mayar da abin sana'a. A bayan lasifika ake miƙawa, da cikin motar kaya tsakanin Kankia da Kusada. Kuma ba banza suke zuba shi a batta ba. Sun san mu sarai. Sun san babu dattijon da zai ga batta ya tsaya bincike, tunda ta ubanshi zai tuna. Da al'adarmu suka rufe mana ido, wannan shi ya fi ƙona mani rai.

Ya ce akwai wanda ya faɗo daga saman motar kaya a hanyar Kunduru, ya tashi ya kakkaɓe riga ya hau, bai san hannunshi ya karye ba sai da abin ya sake shi. Kai ka kai shi wajen mai ɗori, an ce. Ba ka tambayi yadda mutum zai karye bai ji ba?

Ban ce kana sayarwa ba. Ban ce kana ci daga ciki ba, ba ni da shaida, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Abin da na ce shi ne an faɗa maka, ni na faɗa maka baki da baki, ka ce shaƙe ne. Ni ma haka na ce, Alhaji, shekara guda ina faɗa. Bambancinmu shi ne ni babu wanda ya zo ya gaya mani.

Yanzu wata biyar ke nan Sagir bai taɓa garin ba. Ba da sauƙi ba, akwai ranakun da sai na zauna a ƙofar ɗakinshi. Yana bi na gona, yana noma daidai ƙarfinshi, amma kunya biyu ba ya gamawa bai nufi bayan kargo yin fitsari ba. Abin da ya fi yi mashi ciwo shi ne salla. Alwalarshi ba ta kai raka'a huɗu. Saurayi ɗan shekara ashirin da shidda, yana naɗe tsumma a cikin wando kafin ya tafi masallaci! Ya je wajen liman da kanshi ya tambaya ko Allah na karɓar sallarshi. Liman ya kwantar mashi da hankali, ya ce mai lalura yana da rangwame, ya yi alwalarshi ya yi sallarshi, ba komai. Duk da haka ya bar sahun gaba. Can ƙarshen sahun baya yake tsayawa, dab da ƙofa, kusa da takalma. Sau ɗaya na matsa mashi ya kira salla, fiton ya fita ta lasifikar da shi ya gyara da hannunshi. Bai ƙara karɓa ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu kuɗi a ciki.

Kaka ta kusa, da an cire gero da dawa bukukuwa za su ɓarke daga Tafashiya har Kusada. Kafin a kafa rumfar farko, ka tara 'yan ƙungiyarka da ma'aikatansu. Sagir ya yarda zai zo ya tsaya a gabansu, duk mai so ya leƙa hancinshi. Maganarshi za ta fi tawa shiga.

Mai sayarwar nan, ka san shi, kullum yana gaishe ka. Ka cire shi daga cikinku, ka miƙa maganarshi ga hukuma. Duk battar da aka gani a wajen aiki a buɗe ta, ko ta wane ne.

Kuma duk ma'aikacin da ya yi haɓo sau biyu, ko aka ga yana yawan zagayawa, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita gaskiya. Kada a tsaya kwara ruwan randa kamar yadda na yi. Iyaye da ke karanta wannan, ku ma da ku nake. Idan ɗanku ya shaƙa bai yi atishawa ba, ku karɓe battar.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na kasa jiran zuwa na huɗu. Ranar kasuwar Kankia da ta wuce na haɗu da ɗaya daga cikin 'ya'yanka, na cikinka, wanda ke bin motar kaya. Ba zan faɗi sunanshi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Sagir. Hankici na hannunshi yana dannawa a hanci, duk ya ɓaci da jini. Na ce, "Lafiya, ɗana?" Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Baba, zafin rana ne."

Alhaji, a tsakiyar damina muke. Ranar nan kwananmu ukku rabonmu da ganin rana.

Ban je gida na yi murna ba, Allah shi ne shaida. Na tsaya a rumfar masu gyaɗa ina bin shi da kallo, domin na san hanyar nan tun daga farkonta har inda take kaiwa. Naka bai kai inda nawa ya kai ba tukuna. Yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe, ka ɗauki buta ka tsuguna kusa da shi idan zai yi alwala. Ka kasa kunne idan kun tsaya sahu.

Allah ya tsare maka zuri'a, ya buɗa maka a sana'arka ta hanyar halal, ya ba ka ƙarfin zuciyar duba aljihun ɗanka. Allah ya sa kada ka taɓa ɗaga haɓarshi ka ga abin da na gani. Idan kana neman wanda zai raka ku asibiti, na san hanya, kuma ba zan ce maka ina da baƙi ba.

Wassalam.

Naka cikin ɓacin rai da fatan alheri,
Mahaifin Sagir, Fakuwa.