Yatsu Uku a Gefen Hagu

Faravohitra, Antananarivo
9 ga Yuni

Ɗana Sitraka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya Mahajanga, yaya teku da aikin injin jirgi? Tarin nan ya sake ka kuwa? Mu nan sanyi ya shigo sosai, gwiwoyina sun kumbura kamar kullum, amma mun gode Allah. Ka yi haƙuri da rubutuna. Matar fasto da ta koya mana karatu ta ce yanzu ina iya rubuta wasiƙa ba sai ta duba ba, kuma wannan maganar ba na son kowa ya duba.

Motar mahaifinku ce ba lafiya, tsohuwar Katirel ɗin nan da yake kira Gurguwa. Tun rasuwarsa ƙanwarka Haingo ke yin tasi da ita, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba sai watan nan. Ka san rabona da sauka matakalar unguwarmu tun kafin ya kwanta ciwo, saboda haka da kunne nake sanin motar. Kowace safiya Haingo ta tayar da ita a gindin matakala, ni kuma ina baranda ina sauraro.

Idan tana tafiya, lafiya lau. Da ta tsaya sai injin ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ya yi sama, ya yi ƙasa, in ba a taka totur ba ya mutu. Haingo ta ce silo ne ya lalace, wato numfashin mota in tana tsaye. Ta canza fulogi, ta wanke kafireto, har man da take zubawa a gorar nan ta gaban kujera sai da ta tace da ƙyalle. Ba abin da ya sauya. Shekaranjiya ta mutu mata a cikin ramin Ambanidia, hanyar nan ta ƙarƙashin dutse, ana tsakiyar cunkoso. Fasinja suka fita, wani direban bas ya leƙo ya ce, "'Yan mata, koma gida ki dafa shinkafa, wannan ta girmi uwarki!" Ta ba ni labarin tana dariya, amma ba ta ci abinci ba.

Na biyu, motar tana jan hagu. Ta ce in ta saki sitiyari kaɗan sai ta nufi kwata. Kullum da yamma sai na shafa mata mai a kafaɗa.

Akwai kuma wani abu da nake ji, ban sani ba ko kunnen tsufa ne. In injin ya yi zafi, akwai wani siririn fito a ƙarƙashin ƙarar, kamar mutum yana zuƙar iska ta haƙori. Da ba ta yin haka.

Na ce ta tambayi direbobin tasha, abokan mahaifinku ne. Ta ce, "Neny, mamana, jira suke in tambaya su yi dariya. Gara in tura ta da hannu." Kai ka san motar nan ciki da waje. Ka rubuto mana abin da za a duba. Ka riƙa sa rigar sanyi in kana bakin ruwa.

Mahaifiyarka,
Ravaonirina


Faravohitra
18 ga Yuni

Ɗana Sitraka,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ban ga amsarka ba. Direban da ya kai wasiƙata ya ce jirginku na kamun jatan lande ya fita teku, ba wanda ya san ranar dawowarku. Duk da haka zan rubuta, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Dadatoa Rabary, wan mahaifinku, ya zo daga ƙauye ranar Lahadi. Ya kawo mana shinkafa da kaza, Allah ya saka masa. Amma ka san tun farko bai so a ba Haingo motar ba, ɗansa ya so a ba wa. Da ya ji tana jan hagu sai ya ciro igiyarsa ta gini daga aljihu, wadda ba ya rabuwa da ita, ya sauka. Ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a gefen dama, ya ƙulla. Ya zaga hagu ya auna, ya sake ƙullawa. Ya hau har baranda yana haki, ya ɗora mini igiyar a cinya.

Sitraka, tsakanin ƙulli da ƙulli yatsuna uku ne. Gefen hagu ya fi gajarta.

Ya ce, "Maman Sitraka, na tsufa ina gini, igiya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Yarinyar nan ta buga motar, ta sa an daddaƙe an shafa fenti. Ƙashin motar ya lanƙwashe, shi ya sa take jan hagu, injin ma ya goce daga mazauninsa, shi ne kakkarwar."

Da Haingo ta dawo ya tare ta a ƙofa. Ta ce ba ta taɓa buga ko kare ba. Ya ce to motar ce ta tsuke da sanyi? Ta ɗauki igiyar ta sauka ta auna da kanta, ta dawo fuskarta ba jini. Ta ce ita ba ta san dalili ba, amma ba ta buga ba.

A nan ne na yi abin da ke hana ni sukuni. Na ce, "Haingo, in ma kin buga, faɗa mini, ba abin da zan yi miki." Da taushi na faɗa, wallahi. Ta dube ni ta ce, "Neny, ke ma?" Ta ajiye makulli a kan tebur, Dadatoa ya sa a aljihu.

To me zan yi? Igiyar tana hannuna, na ga ƙullin da idona. Shi ne babba a dangi, kuma kabarin kakanninku inda mahaifinku yake kwance, inda ni ma za a kai ni, a hannunsa yake. Ya ce ranar Asabar ta sama ɗansa zai zo su tafi da motar ƙauye. Akwai maƙerin amalanken shanu a can, zai ɗaure gefen hagu da sarƙa a jikin bishiya, a sa wuta, a ja har ya yi daidai. Daga nan motar ta zauna a wurinsu.

Ka gaya mini gaskiya, mota tana iya gajarcewa ba tare da an buga ta ba? Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Mahaifiyarka,
Ravaonirina


Faravohitra
25 ga Yuni

Sitraka ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ko kana cin abinci sosai? Ni lafiyar jiki da sauƙi.

Haingo ta koma kwana gidan ƙawarta a Isotry. Takan zo da rana ta ɗebo mini ruwa, ta dafa ganyen rogo, ta share ɗaki, ba ta zama. In na yi magana ta amsa da ladabi kamar ni baƙuwa ce. Jiya ta gaya mini, tana wanke tukunya ba ta ko juyo ba, cewa ta je wurin matar nan mai kai 'yan mata aikin gida Lebanon. Ta ce in motar ta tafi ranar Asabar, ita ma Litinin za ta ba matar amsa. Na ce 'yar Rasoa maƙwabciyarmu da ta tafi, har yau uwarta ba ta ji muryarta ba. Ta ce, "A can in an ce na fasa faranti, aƙalla ba uwata ce ta faɗa ba."

Dadatoa yana kwana a ɗakinka har Asabar. Yana shan kofi a baranda yana ba ni labarin yadda ya miƙe bangon coci da ya karkace. Ni kuma ina zaune ina kallon rufin motar can ƙasa, ruwan madara, ganye yana taruwa a kai. Safiya ta yi shiru. Ban san kakkarwar nan ma abokiyar hira ce ba sai da ta daina.

Duk inda na juya bango ne. In na ce wa Dadatoa ya dawo da makulli, zai ɗaga igiya. In na ce wa Haingo na yarda da ita, za ta ce to yatsu ukun fa? Kai kana tsakiyar teku. Ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin famfo. Na yi addu'a, na yi wa mahaifinku magana a zuci, na ce shi da ya san motar nan fiye da yadda ya san ni, ya bar mu cikin duhu.

Ko wannan ta same ka a makare, ka amsa.

Mahaifiyarka,
Ravaonirina


Faravohitra
30 ga Yuni

Ɗana Sitraka,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kun dawo tudu lafiya. A kwance nake rubuta wannan, gwiwoyina kamar kabewa, amma kada ka damu.

Ranar Juma'a ina yi wa rigar Dadatoa maɓalli sai wani tunani ya zo mini. Lokacin da nake ɗinki, in na auna mace na ga hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba na cewa ta karye. Mutane da yawa haka aka halicce su, na sani don na auna da yawa. Mu kuwa mota ɗaya tak muka auna.

Na roƙi Dadatoa ya auna wata a tasha. Ya ce shi ba zai durƙusa gaban motar mutane a yi masa dariya ba, bature ba ya ƙera abu a karkace. Na aika a kira Haingo, ba ta zo ba.

Asabar da safe ya sauka jiran ɗansa, ya bar igiyar a kan tebur da ƙulle-ƙullenta. Na sa ta a zani, na zauna a kan matakalar farko, na sauke ƙafa, na ja jiki. Haka na yi ta yi, a zaune, kamar mai koyon rarrafe. Mai wainar shinkafa ta ce, "Maman Sitraka, gobara ake a sama?" Na ce a'a, a ƙasa take. Zanina ya yage, na yi kuka a hanya, amma komawa sama ta fi ƙarfina, sai gaba.

A tasha, nan kusa da gindin matakala, Katirel huɗu ne a layi. Na rarrafa wurin ta farko na kafa igiya a taya. Mai ita ya ce, "Neny, riga za ki ɗinka mata? Ki sa aljihu!" Suka taru suna dariya. Na auna dama, igiya ta tsaya a ƙullin farko. Na zaga hagu, ta tsaya a na biyu. Na auna ta gaba, haka. Ta gabanta ma haka. 

Tsoho Rafaly, abokin mahaifinku mai haƙori ɗaya, ya gane ni. Da ya ji zancen ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Maman Sitraka! Duk Katirel da ke duniya haka aka haife ta, ƙarfunan da ke riƙe tayoyin baya ɗaya a gaban ɗaya suke, shi ya sa gefen hagu ya fi gajarta. Me kike zato ya sa mijinki yake ce mata Gurguwa?" Ni duk zamanmu na ɗauka don ba ta son hawan tudu ne. Ya juya ga Dadatoa, da ke tsaye a gefe yana jiran ɗansa, ya ce, "Malam magini, da kun ja ta da sarƙa, da amalanke za ku samu, sai ku nemo shanu."

Dadatoa ya matso. Ya karɓi igiyarsa ya durƙusa ya auna mota biyu da kansa. Ya miƙe ya ce ai dai tana jan hagu.

Ashe mai waina ta aika wa Haingo cewa uwarta tana rarrafe a titi. Ta iso a guje. Ta cire mayafinta ta rufe mini inda zanin ya yage, ta miƙa wa Dadatoa tafin hannu. Ya ba ta makullin.

Rafaly ya ce ta musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Ta yi da hannunta, suka zaga unguwa suka dawo. Motar ta koma jan dama. Ashe tayar kwance da ta saya watan jiya ce, cikinta ya saki. Aka sa safaya, ta miƙe sak.

Sai na ce musu akwai fito. Suka ce wane fito? Na ce a bar ta ta yi zafi. Haingo ta buɗe bonet, ta karkata kunne, tana bin wani ƙaramin tiyo da yatsa a gindin kafireto. Da ta danne wani wuri sai fiton ya ɗauke, injin ya kwanta lumui kamar jaririn da aka ba nono. Ta ɗaga yatsa, kakkarwa ta dawo. Tiyon ne ya tsage ta ƙasa yana shan iska. Ta yanke bakin da wuƙar Rafaly ta mayar. Wani direba ya ce, "Kai, tsohuwar nan a ba ta gareji!"

Dadatoa ya bi motar ƙauye da rana, shi da ɗansa. Ya yi mini sallama, bai yi wa Haingo ba. Zancen dangi kuma sai abin da Allah ya yi.

Na ce mata, "Kin gani, ba ki buga ba." Ta ce, "Ni dama na sani, Neny. Ke ce igiya ta ce miki na buga kika yarda, ta ce ban buga ba kika yarda." Gaskiya ta faɗa.

Muka tsaya a gindin matakala, na ɗaga kai na dubi barandarmu can sama. Ta durƙusa ta juya mini baya ta ce, "Hau." Ta goya ni har gida, tana hutawa tana tashi, ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina. A rabin hanya na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ki daina magana, kina ƙara nauyi."

Yau Litinin. Ban tambaye ta zancen matar Lebanon ba, ina tsoro. Amma tun Asabar a gida take kwana, makullin yana rataye a ƙusar mahaifinku. Da safe ta ɗauka ta sauka. Na ja jiki zuwa baranda, na ji ta tayar da Gurguwa, ta bar ta a silo ta daɗe, fiye da yadda take buƙata, sannan ta danna oda sau ɗaya ta nufi tasha.

In amsarka tana hanya, ba komai, ka dai aiko in san kana raye. In ka samu taya mai kyau a can, ka tuna da ƙanwarka.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Ravaonirina