Farin harshen Inna da kafson da na ɓoye

Assalamu alaikum mai kula da shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina har na gaji.

Ni manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, wajen Gueskérou, amma tun da zaman can ya gagara na dawo da iyali Diffa, ni nake zirga-zirga. Mahaifiyata Inna tana hannuna, matata ce ke yi mata komai, daga kunun safe har wankin zane. Ana tsakiyar tsinkar tattasai Inna ta kama tari. Na san asibiti ya kamata in kai ta, amma layin asibiti yini guda yake ci, ga tattasai a shanye, ni kuma ko tsayuwar salla da ƙyar nake yi don gajiya. Sai na tsaya wajen mai tallan magani a bakin kasuwa, ya ba ni kafso ja da baƙi na antibiyotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce kwana biyar an gama. Ba a gama ba, na ƙaro, na sake ƙarowa. Fiye da wata guda ina ba ta da hannuna a ɗakinta, in zan yi kwana biyu a gona sai in ninka mata, kuma ban faɗa wa kowa ba, saboda yayata Falmata ta tsani maganin kasuwa, ni kuwa ba ni da ƙarfin surutunta. Inna ga tsufa ga mantuwa, abin da ta sha da safe ba ta tuna shi da azahar.

Tarin ya lafa, sai harshenta ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo, har cikin kumatu. Ta daina cin tuwo, ko kunu ta kurɓa sai ta ce yana ƙona ta. Yaya Falmata ta zo, ta naɗe tsumma a yatsa da ruwan kanwa ta goge, farin ya tashi, jini ya biyo. Ta juyo ta ce, "Wannan ba haka kawai ba ne. Wa ke dama mata kunu?" Kowa ya san mai damawa. Matata tana bakin ƙofa da kofi a hannu, ni kuma ina tsaye a wurin.

Muka kai ta asibiti ni da Yaya. Majo, babbar ma'aikaciyar wurin, ta duba ta ce wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a bakin kowa, ba ta samun ƙarfi sai an daɗe ana shan antibiyotik ya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron bakin, ko kuma mutum yana da ciwon suga. Ta hana kankarewa, ta rubuta maganin ruwa, ta ce a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a ba ta abinci mai laushi marar yaji. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, ta sha wasu ƙwayoyi kwanan nan?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Me ya hana ni cewa e? Kalma ɗaya fa! Aka yi analiz, wato gwajin jini, babu suga. Muna fitowa Yaya ta ce, "To ka ji. Ba suga, ba magani, saura me?"

Yau kwana goma sha biyu. Harshen Inna ya fara yin ja, tana cin fate, amma daga gidan Yaya ake kawo shi a rufe, an hana matata ko taɓa kofin Inna. Matar da ta yi shekara tara tana yanke wa Inna farce, yanzu in ta fita ɗebo ruwa mata sai su yi shiru. Wace irin kunya ce ta fi wannan? Kullum ina cewa gobe zan faɗa, goben ta zo in tafi gona.

Shekaranjiya matata za ta wanke babbar rigata, ta ci karo da fankon kafson a aljihu, har guda shida. Na dawo na tarar ta jera su a kan dardumata. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, ni ba zan faɗa ba. Kai nake jira."

Ranar Juma'a Yaya za ta zo da kawunmu, sun ce matata ta je gidan iyayenta har a gane gaskiya. In na yi magana, na zama ɗan da ya kusa halaka uwarsa don tattasai, ya kuma yi ƙarya a gaban likita. In na yi shiru, za ta tafi da sunan mai sammu, alhali ta san komai. Fankon suna nan inda ta jera su, a gefe nake salla don na kasa ɗauke su.

Jama'a, yau Laraba. Me zan yi?