Gilashin Baba a Ƙarƙashin Teku

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Ni ina nan Bur Dubai, shagon yadi lafiya lau. Sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma a kan autanki Nasrullahi ne.

Kin san aikinsa nutso ne, yana kankare gindin jiragen ruwa a Port Saeed, nan cikin Dubai. To ashe gilashin Baba na gyaran agogo, wanda kika ba shi don tunawa, shi ya cusa a guntun bututun famfo, ya toshe ɗaya bakin da wani gilashin, ya liƙe da gam. Wai sai da iska a tsakani yake ƙara girman abu a cikin ruwa. Ranar hutu sai ya tafi teku leƙen wasu halittu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. A da dariya nake masa, ina cewa Baba agogo ya duba ya ciyar da mu, shi kuwa tsutsa yake dubawa.

Ranar Lahadi dariya ta ƙare. Abokin nutsonsa Elkana ya ce ya same shi manne da dutse, ido a gilashi, iskar tukunyar numfashinsa ta kusa ƙarewa bai sani ba. Da ƙyar ya fizgo shi, suka taso suna shaƙar tukunya ɗaya. Na tarar da shi a asibiti da jini a hanci, abin da ya fara tambayata shi ne ko gilashin ya fashe. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce zai kula, yana murmushin nan irin na Baba idan ba zai ji magana ba.

Shi ya sa na ɗauke gilashin, ga shi nan na ba ƙawata Murjanatu da za ta zo gida ta kawo miki. Idan ya kira, ki ce a wurinki kike so ya zauna, ke kaɗai ce ba zai yi wa musu ba. Don Allah kada ki tausaya masa. Kafin in naɗe gilashin, na sa ido a cikinsa na leƙa wata 'yar halitta da ya ajiye a kwalba, shuɗiya mai ƙahonni, tana motsi a hankali. Ban ɗago ba sai da shayina ya huce. Umma, abin da kyau, tsorona ke nan.

A gaida Kawu Abdulhakeem da yara.

'Yarki,
Ummulkhair