Rijiyar Baffa

Roni, Maris 1979

Zuwa ga Hamma Sama'ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Amarya da yara. Yaya Warri, yaya aikin kamfanin mai? Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Albishirinka, Baffa ya yarda. Ya ba ka filin nan na bakin titi ka gina gidan manka. Ka san halinsa, sai da bakina ya kusa tsinkewa kafin na shawo kansa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kome ya sami rijiyar da ke gefen filin. Ya tuna mini cewa da hannunsa ya haƙa ta shekarar da aka sami 'yancin kai, ya bar ta sadaka, shanunmu da na kowa su sha. Na ce masa ai ɗansa injiniya ne, ya fi kowa sanin mai, kuma ni na tsaya maka.

Idan ka zama babban attajiri kada ka manta da wadda ta yi maka lauya.

Ƙanwarka,
Lailatu

Roni, Afrilu 1981

Hamma,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna lafiya. Yaya jikin Amarya?

Akwai magana. Tun ƙarshen kaka shanu suka ƙi ruwan rijiyar. Su zo da ƙishi, su sa hanci a kwatarniya, su ja da baya. Da muka ɗebo muka duba, sai ga wani maiƙo mai launi-launi a sama, ga warin fetur har cikin maƙogwaro. 'Yan maruƙa da ba su da wayo sun sha, mun rasa na jar saniyar nan da Baffa ya fi so. Yanzu shanun sai an kai su can wajen dam, ga rani, duk sun zube. Maƙwabta da ke ɗiba sun daina zuwa, sun kuma daina haɗa ido da mu.

Na je wurin Daudu, manajanka, ya yi ta kame-kame. Na tabbata ba ka sani ba, haka kuma nake faɗa wa Baffa kullum. Don Allah ka zo da kanka.

Taka,
Lailatu

Roni, Yuni 1981

Hamma Sama'ilu,

Ina gaishe ka, don Inna ta ce kada in fasa. Allah ya sa yara suna lafiya.

Mun ga amsarka. Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci, mota ta sauke magina da buhunan siminti. Ni da Inna muka fita da murna, a zatonmu gyara aka zo yi. Muna tsaye aka toshe bakin rijiyar, aka shafe shi sumul kamar ba a taɓa yin ta ba.

Daudu ya gaji da ni ya faɗi gaskiya. Tankin da ka binne tsoho ne, wanda aka yar a can wurinku, ka sa aka liƙe shi. Tun bara ya gaya maka yana yoyo, ka ce ya ja bakinsa. Yanzu da ka ji masu duba gidajen mai za su zo daga Kano, ba tankin ka tono ba, rijiyar ka rufe don kada su ji wari.

Ka cuce ni, Hamma. Da bakina ka yaudari tsohon nan. Ni na rantse masa a kanka, na sake rantsewa lokacin da maraƙinsa ke shure-shure a gabansa.

Da Baffa ya dawo daga masallaci ya daɗe tsaye a kan simintin, bai zage ka ba, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Shekaranjiya ya kora abin da ya rage na shanun, ya bi ta Babura zai tsallaka Nijar wurin dangin Inna. Mutumin da ko sallah a zaune yake yi saboda gwiwa, shi ne ya tafi a ƙasa da sanda. Na roƙe shi ya jira damina ta kankama, ya ce ba zai zauna inda ya shayar da mutane guba da sunan sadaka ba.

An ce za ka zo Babbar Sallah. Gidan yana nan, ba wanda zai hana ka shiga. Sai dai ka taho da ruwan shanka.

Wassalam,
Lailatu